Hudu Mai Hatsi da Soron Taurari

Duk wanda ke sayen gero ko dawa a kasuwar Dutsin-Ma ya san rumfar Hudu Tamawa. Dogo ne, mai 'yar furfura a gemu, ya ba hamsin baya. Ba ya tsawaita ciniki, kuma ba a taɓa kai ƙarar mudunsa wajen sarkin kasuwa ba. Abokan sana'arsa sun ce yana da raha daidai gwargwado, sai dai akwai zance ɗaya da ba ya zama a yi da shi. Da zarar bazara ta yi nisa, manoma suka fara tambayar juna wane tauraro ake ciki, sai Hudu ya miƙe ya shiga gyara buhunan da ba su buƙatar gyara. Kowa a layin ya san dalili, domin abin bai faru a ɓoye ba. Shi ne mutumin da ya rushe soron taurarin mahaifinsa.

An haife shi a Tamawa, cikin ƙasar Kurfi, kuma shi ne ɗan farin Malam Audi. Wannan ya yanke masa irin zaman da zai yi da mahaifinsa tun kafin ya iya tafiya, domin gidansu na masu tsananin alkunya ne. Malam Audi bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, kuma da aka yaye shi sai aka miƙa shi ga Tukur, ƙanen malam, wanda ke awon hatsi a Dutsin-Ma. A can ya yi karatun allo, a can ya koyi riƙon mudu da ɗinkin bakin buhu. Idan ya zo Tamawa da salla, yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida mahaifinsa, a amsa masa ba tare da an dube shi ba, ya tashi ya shiga cikin gida inda za a dama masa fura. Da ya girma, malam ya samo abin da zai riƙa kiransa da shi: mutumin Dutsin-Ma.

Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka. Kande, ƙanwar Hudu da ke aure a Barkiya, ta ce duk kaka damin farko na sabon gero Dutsin-Ma ake aika shi, kuma malam da hannunsa yake ɗaure shi. Amma abin da wannan zama ya haifar shi ne Hudu ya kai shekara hamsin bai taɓa zama cikin soron mahaifinsa ya ɗaga kai ya dubi rufinsa da kyau ba.

Soron ɗaki ɗaya ne na ƙasa, mai kewayayyen rufi kamar an kife ƙwarya, a gefen zaure. Daga waje ba shi da abin kallo. A ciki kuwa, duk faɗin rufin an dasa wuri, irin na kuɗin da, da fasassun tangaran da fararen tsakuwoyi cikin yaɓe, manya da ƙanana, kowanne a inda tauraronsa yake a sama. Akwai Kaza da 'ya'yanta. Akwai mafarauci da karensa da zomo a jere. Akwai Kunama da wutsiyarta a lanƙwashe. A gindin rufin, kewaye da ɗakin, an huda ƙananan ramuka ashirin da takwas na taurarin shekara: bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Ana cusa ƙahon akuya a ramin tauraron da ake ciki, idan kwanakinsa sun cika a matsa da shi gaba. Zara da Gamzaki ba sa cikin rufin. Malam Audi yakan ce waɗannan 'yan yawo ne, ba a gina wa ɗan yawo ɗaki.

Yadda 'yan gidan ke faɗa, asalin abin takarda ce. Wani kakansu da ya je Makka a ƙasa ya dawo bayan shekaru da 'yan littattafai a gafaka, cikinsu har da falle ɗaya mai zanen da'ira, taurari da jar tawada, sunayensu da baƙa. Irin wannan ilimi ba baƙo ba ne ga malaman da. Cikin littattafan Larabci ya shigo ƙasar Hausa, shi ya sa har yau ko manomin da bai yi karatu mai zurfi ba za ka ji yana cewa Surayya, Dabaran, Zira'a, Ɗarfa. Takardar ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har gara ta shiga gafakar a zamanin Malam Usaini, kakan Hudu. Da ya ga abin da ya rage ba zai kai ga jikoki ba, sai ya sa aka gina soron ya mayar da zanen cikin rufinsa.

A ƙarƙashin wannan rufi Malam Audi ya yi rayuwarsa. Ba duba yake yi ba. Wanda ya zo tambayar sa'ar aure ko ta tafiya, korarsa yake yi. Manoma ne mutanensa. Idan aka yi ruwan farko sukan zo su tsugunna su ce, "Malam, mu fid da iri?" Sai ya nuna musu ƙahon ya ce, "Har yanzu Surayya ce, ruwanta mai ruɗi ne. Wanda ke da iri biyu ya gwada, mai iri ɗaya ya jira." Yakan nuna musu siffar tauraron a rufi, ya ce su duba gabas bayan sallar asuba su gani da idonsu. Wani lokaci maganarsa ta yi daidai, wani lokaci ruwa ya saɓa masa, ya ce ai shi lissafi ya gada, ruwa na Allah ne.

Shekara uku da suka wuce Allah ya hore wa Hudu, ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka tun shi kansa bai je ba. A wannan yanki, idan mutum ya tafi aikin hajji ba a barinsa ya dawo ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi shafen farar ƙasa ya shimfiɗa sabuwar tabarma, mai hali ya yi fenti ya sauya ƙofa. Jama'a za su yi ta zuwa barka da sauka, kuma abin da suka gani shi za su faɗa game da 'ya'yan gidan.

Bayan tashin alhazai Hudu ya zo Tamawa ya duba ɗakin. Damina ta fara, rufin ya tsage ta waje, indararo ɗaya ya faɗi. Ya leƙa ciki da fitilar waya ya ga duhu da baƙin hayaƙi da wasu fasassun abubuwa a sama, ya ɗauke su adon tsofaffi ne irin na da. Ya san manoma na zuwa wajen mahaifinsa tambaya, amma a zatonsa daga littafi ake ba su amsa. Sai ya aika aka kira Rabe magini, ɗan ƙanwar malam, wato taubashinsa.

"Kwano zan sa," in ji Hudu, "da silin, da tayil a ƙasa."

"A wane ɗaki?"

"Wanga."

"Kai bawana, ka bari Kawu ya dawo. Tsagar nan yaɓe ɗaya take so, ni ke yi kowace shekara."

"Yaɓe, yaɓe. Kai da ƙasa kamar gara. So kake alhazan Kurfi su zo gaisuwa su iske ubana cikin rumbu?"

"Rumbun nan ya girmi Tukur da ya koya maka awo. Na ce ka bar shi."

"In ba ka iya aikin siminti ba, faɗi gaskiya, ubangidanka ya kawo waɗanda suka iya."

Suka yi dariya suka rabu. Rabe ya gaya mini cewa matsalar taubashi ke nan: ko gaskiya ya faɗa maka sai ka ɗauka tsokana ce, shi ma kuma ya ɗauka barazanar taka wasa ce. Rabe ya tafi wani aiki a Kurfi. Kafin ya dawo Hudu ya kawo leburori daga Dutsin-Ma sun sauke rufin. Mutanen gidan sun gani, amma babban ɗa ne, shi ya biya kujera, wa zai ce masa a'a? Aka kwashe ɓaraguzan aka cike wani kwari da ruwa ke ci a bayan gida. Da labari ya kai Barkiya, Kande ta hau babur ɗan acaɓa ta zo, ta shiga kwarin ta yi yini tana tona da hannu. Ta cika kwalla guda da wuri da tangaran ta ɓoye a ɗakin marigayiya mahaifiyarsu.

Ranar da Alhaji Audi ya sauka, gari ya cika. An taro shi da motoci tun daga Kurfi. Ya fito cikin farar jallabiya, aka riƙo hannunsa zuwa sabon ɗaki mai shuɗin fenti da ƙofar ƙarfe, Hudu yana can baya cikin jama'a kamar yadda ya saba. Tsohon ya cire takalmi ya sa ƙafa ɗaya ciki, sannan ya ɗaga kai. Farin silin ne sumul, da fanka a tsakiya. Waɗanda ke kusa sun ce ya daɗe a haka. Sai ya janye ƙafar.

"Allah ya yi albarka," ya ce. "An kashe dukiya."

Daga nan ya ce a shimfiɗa masa buzunsa a bukkar da ake ajiye harawa, a tsakar gida. Mutane suka ce zafin kwano ne bai saba da shi ba. A bukkar ya karɓi masu barka da sauka, a nan aka raba dabino da zamzam, a nan ya kwana. Washegari ma haka. Damina ta kankama, bukkar tana yoyo ta gefe biyu, aka ƙara mata ciyawa, tsohon bai motsa ba.

Wannan shi ne abin da duk mai shiga gidan ke gani: sabon ɗaki a rufe yana ƙyalli, da dattijo mai shekara tamanin a cikin bukkar harawa, da tasa a gefensa tana tarar ruwa. Labari ya bi motocin hatsi ya isa Dutsin-Ma. Ba wanda ya zagi Hudu. Sai dai wani ya tsaya a rumfarsa ya tambayi lafiyar Alhaji da wata irin murya, ko a yi shiru idan ya iso majalisa. Ya daina shiga Tamawa ta babbar hanya, sai ta bayan gari, ya ajiye abin da ya kawo, ya gaida mahaifinsa daga nesa ya juya.

Ya tura limamin unguwa da Tukur su ba da haƙuri. Alhaji Audi ya saurare su har suka gama.

"Laifin mi ya yi?" ya tambaye su. "Mutum ya kai ni Ɗakin Allah, ya gina mini ɗaki. Ni dai iska nake so."

Suka dawo da wannan amsa, wadda ta fi faɗa nauyi, domin wanda bai ce ka yi masa laifi ba, ta ina za ka nemi gafararsa? Kande ce ta fito ta gaya wa yayanta abin da ya rushe, tun daga takardar da gara ta ci har zuwa ƙahon akuya. Ta ce yana zaune a kan turmi tana magana, bai ɗago ba har ta gama.

"Yaya," ta ce masa, "da ya zage ka da ka huta."

Da rani ya shigo Hudu ya yi abin da ba a taɓa gani ba a Tamawa: ya sa aka kware sabon kwano don a mayar da ƙasa. Mutane suka taru kallo. Rabe yana bisa katanga yana miƙo fallen kwano yana kira da ƙarfi, "Ku zo ku ga bawana ya waye! Ya je birni ya dawo da tubali!" Hudu yana ƙasa yana karɓa, bai rama ko sau ɗaya ba, abin da Rabe ya ce ya sa shi ma wasan ya fita daga ransa. Aka nemo azara, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, Rabe ya tada rufin kamar yadda yake a da. Alhaji Audi yana bukkarsa yana jin duk abin da ake yi, bai tambaya ba.

Saura taurari. Kande ta fito da kwallarta, amma ba wanda ya san inda kowanne yake. Rabe ya ce shi ta waje yake yaɓe, bai taɓa ƙirga su ba. Manoman da suka sha zama a ɗakin kowa ya tuna abu ɗaya ko biyu, kuma ba su yarda da juna ba. Mutum ɗaya ne ya sani, yana nan tsakar gida, kuma shi ne wanda Hudu bai taɓa yi wa tambaya ba tun da aka haife shi. Ya ga ya fi masa sauƙi ya nemo a wani wuri ya gama aikin, sannan a kira tsohon ya gani.

A Dutsin-Ma akwai Jamaluddeen, mai shagon buga hotuna da allunan talla a kan hanyar jami'a, wanda ke sayen gero a wajen Hudu. Shi ya buɗe masa kwamfuta ya nuna masa hotunan tsofaffin taswirorin sama da ke ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen waje, wasu da rubutun Larabci, wasu da na Turawa, wasu sun shekara ɗaruruwa. Masu zanen da ba ɗigo kawai suke yi ba. Sukan zana dabba ko mutum a kan kowane rukunin taurari: ga zaki, ga bijimi, ga ƙaton mutum da kulki, ga mata da ɗan ƙyalle.

"Waɗannan marasa rigar fa?" in ji Hudu. "Ɗakin alhaji ne."

"Malam Hudu, kai dai ɗigon za ka bi. Bar musu mutanensu."

Hudu ya zaɓi wadda ta fi kama da tsufa, kewayayya kamar rufin, da kunamarta ɓaro-ɓaro. Aka buga masa ita a babbar leda. Shi da Rabe suka yanka ta yanki-yanki kamar kabewa, suka manna a ɗanyen yaɓe, suka bi kowane babban ɗigo da ƙusa, sannan suka cire ledar suka dasa wuri da tangaran a ramukan. Aikin ya yi kyau. Wanda ya shiga sai ya ce tubarkalla.

Da hantsi aka kira liman da maƙwabta. Kande ta lallaɓo mahaifinta har bakin ƙofa. Ya tsaya a nan, dogare da sanda, bai shiga ba. A lokacin yanar ido ta fara rage masa gani, don haka Rabe ya haska rufin da babbar tocila yana bi a hankali.

"Rabe."

"Na'am, Kawu."

"Wa ya nuna maka wanga?"

"Takarda ce daga Dutsin-Ma, Kawu. Tsohuwa ce ƙwarai, an ce ta girmi ta kakanku."

"Mayar da fitilar can. Kunama ke nan?"

"Ita ce."

"Yaushe ta fara lanƙwasa wutsiya ta wannan hannu?"

Tsohon ya sa aka haska masa Kaza, aka haska masa mafarauci da karensa. Ya girgiza kai a hankali.

"Duk suna nan, ba wanda ya ɓace. Amma na dama ya koma hagu. Wanda ya zana wanga daga bisa yake leƙo su. Ku tambayi mutumin Dutsin-Ma, mala'iku ya gina wa ɗakin?"

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi, liman ya yi tari ya rufe baki da hannun riga. Alhaji Audi ya juya ya koma bukkarsa. Hudu yana tsaye a jikin bango da ƙasa a hannunsa har gwiwar hannu.

Tsohon bai yi kuskure ba. Masu yin taswirar sama a zamanin da sukan zana taurari a bayan wata ƙwallo ta tagulla ko ta itace, kuma mai kallon ƙwallo daga waje yake kallonta, kamar wanda ya fita bayan sama ya juyo. Don haka komai a juye yake fitowa. Wasu masu zane a takarda sun bi wannan tsari, wasu kuma sun zana yadda mai tsayuwa a ƙasa yake gani. Hudu ya faɗa kan irin ta farko. Jamaluddeen ya koma ya duba daga baya, ya tarar an rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasan hoton, su biyun ba wanda ya karanta.

Bayan wannan Hudu ya yi makonni bai zo Tamawa ba. Bazara ta yi zafi, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, damina ta biyu tana shirin samun tsohon a bukka, ga tari ya kama shi. Kande ta bi yayanta har rumfarsa ran kasuwa, ta jira masu saye suka ragu.

"Ka tura liman, ka tura Baba Tukur, ka tura leda. Wa ya rage?"

"Kin san ba ya magana da ni."

"Kai ka taɓa yi masa? Ina kwana, ina wuni, shi ke nan. Ruwa zai sauka, Yaya. In ciwon nan ya kwantar da shi a cikin harawa, ba ni za a nuna da baki ba."

Hudu ya zo ya kwana a zaure. Abin da ya faru da safe Kande ce ta ji, tana bayan zana tana ɗora ruwan zafi. Bayan an fito sallar asuba Hudu ya durƙusa a bakin bukkar, ba kowa a wurin sai su biyu.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya."

Kande ta ɗauka ya tashi, sai ta sake jin muryar Hudu.

"Baba, ba wanda ya san inda suke sai kai. A nuna mini."

Tsohon ya yi tari. Sannan ya yi magana yana fuskantar zana, kamar akwai wani a tsaye a can.

"A gaya wa mutumin Dutsin-Ma ya sa Rabe ya kwaɓa ƙasa. A gaya masa kuma ya zo da tsohuwar riga."

Aka ɓamɓare duk abin da aka dasa, aka sake yaɓe gefe ɗaya don a fara da shi. Rabe ya ƙi hawa tsani, ya ce hannun da ya sauke shi zai mayar. Da aka shirya, Alhaji Audi ya taso da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi bisimilla, ya shiga. Aka shimfiɗa masa tabarma ya kwanta rigingine, aka miƙa masa dogon karan dawa. Hudu yana bisa tsani, aljihunsa cike da wuri.

"Rabe, fara da Kaza. Nan. A'a, matsa hagu."

"Kawu, ni ina nan ƙasa ina kwaɓa. Bawana ne a sama."

"Na ce, Rabe, matsa hagu."

Hudu ya matsa hagu. Haka aka yi aikin gaba ɗaya, tsohon yana kiran Rabe, Hudu yana amsawa da hannu. Idan ya dasa ba daidai ba, karan ya ɗan bugi yatsunsa, ya cire ya sake. Tun yana dasawa kawai har ya fara jin sunayen suna zama masa, domin tsohon ba ya nuna tauraro sai ya faɗi sunansa da abin da ake yi a cikinsa: wannan na shuka, wannan na noman farko, wannan idan ya fito gero ya yi ciki. Kullum yamma ta yi, Alhaji Audi ya tashi ya koma bukka.

Na damina da na kaka sun tafi ba gardama, don su aka fi tambayarsa. Na bazara ma haka. Da aka zo ƙarshen na ɗari, taurarin nan huɗu da ake kira Sa'adu, sai karan ya tsaya a sama. Ƙanana ne, ba su da haske sosai, kuma ba manomin da ke zuwa tambaya a lokacinsu. Shekara da shekaru rufin ne yake riƙe masa su. Ya nuna wani wuri, ya ce a'a. Ya nuna wani, ya sauke karan. Ya daɗe kwance yana kallon ɗanyen yaɓen, sannan ya ce a bar nan. Hudu ya sauko daga tsani bai yarda sun haɗa ido da kowa ba.

A yammacin ranar aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Kande ta je ta kama hannun mahaifinta don ta mayar da shi bukka kamar kullum. Bai tashi ba.

"Harawar nan ta dame ni da ƙaiƙayi," ya ce. "A shigo da buzun."

A soron yake kwana har yau. Rufin yana nan da fili a gefe ɗaya, faɗin tabarma, ba komai a ciki sai ƙasa. Jamaluddeen ya kawo wata taswirar da ba a juye take ba, tsohon ya ce ba zai sa abin da ba zai iya tabbatarwa ba, idonsa kuwa ya daina ganin sama. Hudu ya bi tsofaffi a Barkiya da Kurfi yana tambaya. Waɗanda suka san taurarin ba su da idon nuna su, masu idon ba su san su ba.

Ranar da na je na ƙarshe, na tarar da Hudu zaune daga ciki, kusa da ƙofa, yana ɓare wa mahaifinsa gyaɗa a faifai. Wani manomi daga wani ƙauye ya shigo tambayar shuka. Aka ba shi amsa. Da zai tashi ya ɗaga kai, ya nuna filin da yatsa.

"Alhaji, nan fa? Faɗuwa suka yi?"

Hannun Hudu ya tsaya a kan faifan. Tsohon ya gyara kwanciya.

"Ba a gama ba," ya ce.

Manomin ya yi sallama ya fita. Hudu bai ɗago kansa ba har ƙarar takalmin mutumin ta ɓace a zaure, sannan ya ci gaba da ɓarar gyaɗa.